'Ya'yan Karimatu Nawa?

A Garwan zamanin Jamus babu wanda bai san Karimatu mai daddawa ba. Ba daddawar ce ta yi mata suna ba, zargi ne. Ko sannu ka yi mata sai ta juya ta ta duba ƙasanta. 'Ya'yanta uku: mata biyu, da babbansu Hayatu, ƙaton saurayin da take ji da shi kamar ranta. Ɗan fari ne, don haka saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan".

Wata rana wani Bajamushe ya shigo unguwa da tafintansa Kolo, suna bi gida-gida da tambayoyi iri ɗaya. Wace rijiya kuke sha? Wa ya taɓa yin agana? 'Ya'ya nawa?

Karimatu ta san irin wannan tambayar. Bara ma da ƙirge aka fara, aka ƙare da kwasar samari ɗaukar kaya zuwa Kusuri, wasu har yau shiru. Ta tura Hayatu rumbu, ta fito tana murmushin da bai kai ciki ba.

"Inna, 'ya'yanki nawa?" in ji Kolo.

"Biyu. Duk mata."

"Babban fa? Ai na sha ganinsa a bakin kogi."

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Kolo ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, shi ma ya ji nauyin matsa mata. Bature ya rubuta biyu.

Ashe likita ne. Bayan sallah ya dawo, aka kira duk wanda aka rubuta aka tsaga masa lamba a dantse, wai rigakafin agana. Karimatu ta taɓe baki: "Shaida ce irin ta shanu, ku dai jira ku gani." Hayatu ya sake kwana a rumbu.

Ni ban ga laifinta ba, wallahi. Wanda ya ga abin da ta gani bara, me zai sa ya yarda?

Agana ta shigo da bazara. Ta tsallake 'yan matan, ta ɗauki Hayatu.

Da shekara ta zagayo, Kolo ya sake sallama da tambayoyin nan dai.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

Ta daɗe tana kallon rumbun.

"Biyu," ta ce. "Amma ka gaya wa Bature ya rubuta Hayatu. Hayatu sunansa."