Malafa Ɗaya Tak ga Ɓerayen Karammiski

Rudy Zamora maƙwabcina ne a unguwar Van Nuys, yau shekara goma sha ɗaya. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kansa tal kamar ƙwai. Wanda ya gan shi cikin rigar aiki mai sunansa a ƙirji ba zai ce ya taɓa shafa jan-baki ba. Ya shafa kuwa, wata goma sha huɗu cur.

A 1987 ya ga talla a jarida: ana neman mai kaɗa jitar nan mai kaurin murya, siriri, mai dogon gashi. Ba a ambaci iya kiɗa ba. Rudy ya iya, amma bai bari hakan ya karya masa gwiwa ba. Ƙungiyar sunanta Ɓerayen Karammiski, su huɗu da shi, a garejin kakar mai ganga suke gwaji. Waƙoƙinsu duk na mata ne da giya da manyan motoci, alhali motar da ke kai su wasa ita ma ta kakar ce.

Na taɓa tambayarsa abin da ya gani a wannan hayaniya. Ya ce, "Kwana biyar ina kan rufin mutane, ba mai sanin sunana sai ya karanta a rigata. Ran Asabar in matse cikin wandon damisa, in rambaɗa kwalli, in taka titin Sunset, motoci na rage gudu. Ko zagi ne, ai ni ake zagi."

Gashin kuwa aikin yayarsa Yolanda ne. Sai ya kwanta a gado, kansa na reto ƙasa, ta yi ta taje gashin daga baki zuwa gindi tana feshe shi, har ya miƙe kamar sheƙar shamuwa. Ita ta fara ganin abin.

"Ƙanena, tsakiyar nan fa ta fara sallama."

"Rufe ta, Yaya."

"Da me? Na gefen ma aro nake yi."

A ƙungiya irin tasu ana yafe wa mutum ya ɓata waƙa, ana yafe masa ya faɗo daga dandamali. Sanƙo ne ba a yafewa. Ga shi an sa ranar ɗaukar hoton da za a liƙa a falwayoyi, kuma mawaƙinsu Harold, wanda ya hana a kira shi komai sai Jinx, ya ce daga saman tsani za a ɗauka, suna zaune a ƙasa cikin lungu, kamar yadda kowa ke yi a shekarar.

Mafita ɗaya ce, malafar makiyayan shanu. Amma dokar titin a bayyane take: malafa ɗaya ga ƙungiya ɗaya. In suka zama biyu, an koma 'yan waƙar ƙauye. Tasu kuma tana kan Curtis, mai ƙaramar jita, tun ranar farko.

Rudy ya same shi bayan gareji da rana tsaka yana cin tako, wainar masara mai nama a ciki.

"Mutumina, ara mini malafar nan ran hoto."

"Ari wandona. Ari budurwata in ta yarda."

"Da gaske nake." Ya sunkuya ya nuna masa tsakiyar kansa.

Curtis ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga malafar kaɗan. Dogon gashin nan da 'yan mata ke ihu a kansa ya ɗagu tare da ita, an ɗinke shi a gefenta. Ƙarƙashi fayau.

"Shekara biyu," in ji Curtis. "Uwata ce ta ɗinka."

Ran hoto Yolanda ta ƙarar da gwangwanin feshi biyu. Mai hoto ya hau tsani, rana tana tsaka. Da hoton ya fito, Jinx ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan wata 'yar farar da'ira.

"Rudy, wannan wata ne ya fito ko kai ne?"

Mai ganga ya yi dariya. Curtis ya duƙufa yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Da Rudy ya ce "A ɗaga malafar," kalma ukun nan sun isa su juya zancen kan Curtis. Da Jinx ya sallame shi, Rudy ya naɗe wayar jitarsa, ya gaida kaka a ƙofa, ya tafi.

Suka ɗauko wani mai gashi har kugu wanda bai san inda ake riƙe jitar ba. Wata huɗu suka ƙara, kowa ya kama gabansa.

Na ce wa Rudy, me ya hana ka tona asirin malafar?

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ina da sana'a. Curtis in ka cire malafar, me ya rage?"

Washegarin korar ya zauna a kujerar kicin, Yolanda ta aske sauran. Ya ce tana yi tana 'yar waƙa, don ita ce ta fi kowa hutawa.