Manja a Ƙarƙashin Farce

A gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba sai da na kai shekara goma sha huɗu, kuma a kan taliya aka yi ta gwabza shi.

Kakana na wajen uba da ƙafa ya zo Hajji yana saurayi. Guzuri ya ƙare masa a garin Musawwa na bakin teku, lokacin tana hannun Italiya, ya shiga aikin hanya don ya samu na jirgin ruwa. A nan wani shugaban lebura Ba'italiye ya zane shi da bulala saboda ya ajiye diga ya yi salla. Tabon yana nan a bayansa har ya bar duniya. Da ya tsallako Jidda ya kama dako a tashar jiragen ruwa, sai ya yi alwashin ba zai ƙara kai abincin mutanen Italiya bakinsa ba. Allah da ikonsa, ya auri kakata, Bahaushiyar Sudan, wadda sana'arta ita ce taliyar murji da manja da yaji, tana sayar wa 'yan dako.

Gida ya rabu biyu. 'Yan'uwana duk suna bayan kakata. Ni kaɗai nake cin tuwo kwano ɗaya da Kaka, yana ce mini amarya, yana turo mini tsokar nama ta gefena kamar bai sani ba. Ina son wurin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Sai dai ina son taliya ma. In ya tambaye ni ɓangaren da nake, sai in ce ni 'yar ba-ruwana ce, daga nan in zagaya kicin in share faranti guda kafin a zubo tuwo.

Bakina ne ya ja mini. Malamar tarihi ta ba mu labarin mutumin da ya mulki Sifen da ƙarfin bindiga a zamanin yaƙin, ɗan akida ɗaya da na Italiya da na Jamus. Ya shelanta cewa ƙasarsa ba ta cikin faɗan, amma ya bar mayaƙansa suka tafi taya Jamus, yana sayar mata da ma'adinai, da ya ga alamar za ta sha kaye kuma ya fara yi wa ɗaya ɓangaren fara'a. Ya mutu a gadonsa da tsufansa. Na dawo ina zuba wa Kaka labarin, rabi Hausa rabi Larabci, har da cewa mutumin ya iya zama da duniya.

Kaka ya ce wannan ba iya zama ba ne, munafunci ne, kuma irinsu ba a sauraron bakinsu, hannunsu ake dubawa. Yana faɗa ya kamo nawa hannun ya juya shi. Manja ya yi ja a ƙarƙashin kowane farce.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Amarya, koma wa mutanenki."

Ya jawo kwanonsa gabansa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, a zatona wasan kaka da jika ne. Washegari ma haka. Kwana huɗu ina cin taliya a fili, ba mai hana ni, amma ko daɗinta ban ji ba. Ina hango shi yana ture naman gefe guda bisa sabo, sannan ya tuna ya cinye abinsa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Rana ta biyar ina da jarrabawa, don haka ban koma barci bayan asuba ba. Na hau soro da littafina, sai na ji ƙarar injin murza taliya daga ɗan ɗakin da kakata take shanya. Na leƙa. Kakata tana zaune ta miƙe ƙafa tana shan shayi. Kaka ne ya naɗe hannun riga yana murza injin, yana ɗaga silin taliya yana ratayawa a igiya da ƙwarewar wanda ya shekara da shekaru yana yi.

Na shiga, na kamo hannunsa na juya shi. Fulawa har gwiwar hannu. Kakata ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta, ta ce tun ba a haifi babana ba shi yake murza mata, kuma ko sili ɗaya bai taɓa ɗanɗanawa ba.

"Ni ban taɓa cewa ba ruwana ba," in ji Kaka, yana ƙoƙarin ɗaure fuska. "Gabata da Italiya nake yi. Kakarki kuwa kafaɗarta ce take ciwo."

Na ce to ni ma gabata ba da tuwo ba ce.

Da rana aka zubo abinci. Na ɗauko farantin taliyata a gaban kowa, na tsaya nesa kaɗan. Kaka ya dubi farantin, ya dube ni, ya gyara zama ya bar mini rabin tabarma.

"Yalla, zauna. Amma ajiye ta can, kada ta taɓa mini kwano."

Na zauna. Kafin in kai loma ta biyu, tsokar nama ta iso gefena.