Maganar da Malam ya bar mini a kan Nasiru

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda unguwarmu a Kaduna ta sani da Koci, ni kuma nake ce masa Malam. Ban yi boko ba. Babbar 'yata, wadda take aikin jinya a nan Doha ta ƙasar Qatar, ita take rubuta abin da nake faɗa don a buga a jarida, muna zaune a falonta a unguwar Al Wukair. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cika mini magana da tata.

Malam malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, amma abin da ya ba rayuwarsa shi ne ƙwallon gora, wadda yara ke ce wa hoki. Shekara talatin yana koya wa samari ita. Duk wanda ya riƙe gora burinsa ɗaya, a kira shi babbar ƙungiya ta ƙasa, daga can wani kulob na waje ya ɗauke shi. Kaɗan ne suka kai.

Yana da wata al'ada. Idan yaro ya haura ashirin da biyu, ya je gwaji sau biyu ba a ɗauke shi ba, gudunsa kuma bai ƙaru ba, sai Malam ya dawo gida ya ce mini, "Gobe ki yi dambu, akwai baƙo." Dambun shinkafa da zogale. Yaron zai ci a zaure, in ya wanke hannu sai Malam ya faɗa masa cewa hanyarsa ta ƙare a nan. Kafin ranar ya riga ya nema masa wajen zuwa, gareji ko shagon walda ko makarantar horon malamai. Har yaran suka gane, suna tsokanar juna da cewa wane ya kusa cin dambun gidan Koci. Wasu da kuka suke fita. Akwai wanda ya yi shekara biyu ba ya gaishe ni a hanya. Ranar jana'izar Malam, shi ya fara kama makara.

Nasiru shi ne autanmu. Tun bai kai tsawon gorar ba yake janta a tsakar gida. Ya je gwaji sau biyu, sau biyun aka dawo da shi. Wata safiya Malam ya dawo daga fili, yana cire takalmi a bakin ƙofar ɗakina, bai dube ni ba ya ce, "Nasiru ba zai kai ba. Hannunsa ya kai, ƙafarsa ce ba ta kai ba, kuma ita ba a koya ta."

Na ce, "In yi dambu?"

Ya ce, "Bari a gama wasannin bana."

Ba a gama wasannin da shi ba. Hawan jini ya kayar da shi. A asibiti Nasiru ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, bana za su ɗauke ni." Malam ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "In sha Allahu." Kwana uku bayan haka ya cika.

Yau shekarun Nasiru talatin da ɗaya. Shekara biyar da suka wuce ya taho Doha, wai a nan filaye masu kyau ne, wani zai gan shi. Aikin ɗaukar jakunkunan matafiya yake yi a filin jirgi. Ranar Juma'a yana buga wasa da Pakistanawa da Indiyawa, direbobi da masu tsaron shago waɗanda ke yi don su yi gumi su koma gida. Shi kaɗai ne a cikinsu yake jiran kira. Yana tura hotunan wasansa ta waya ga mutanen da ba sa amsawa. Sau biyu a wajen aiki aka so a ɗora shi kan 'yan'uwansa ma'aikata, ya ƙi, don zai rasa Juma'arsa. Yarinyar da ta jira shi shekara shida, bara aka ɗaura mata aure, kuma ban ga laifin iyayenta ba. Gwiwarsa ta dama kullum a ɗaure take. Na gan shi yana sujada da ƙafa ɗaya a miƙe.

Da na zo nan wata biyu da suka wuce, na taho da busasshen zogale a jakata. Na yi dambun, na sa aka kira shi. Ya buɗe kwano, sai ya yi dariya.

"Inna, dambun sallama ne wannan?"

Na ce, "Abinci ne, ci."

Yayarsa ta ce, "Maza, ci mana. Tsoho da kai kana bin ƙwallo da sanda."

Ya ce, "Yaya, ke allura kika sani." Sannan ya juyo gare ni. "Da Baba yana so in ci wannan, ai da ya sa an yi mini tun yana raye."

Ya ci, ya ƙara, ya ce gishiri ya yi daidai. Maganar tana bakina, na kasa.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da ya ga yau. An kai ni filin da suke wasa, shimfiɗe sumul kamar dardumar masallaci, ga fitilu. Mutumin da yake tsince duwatsu da hannunsa kafin yara su shiga fili, na san da ya tsuguna ya shafa shi. Amma da ya kalli gudun ɗansa na minti biyar, da ya sunkuyar da kai. Ni da ban san dokar wasan ba, na ga yara suna wuce shi, yana bin su a baya.

Ba na tuhumar wanda ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya gafarta masa, tausayi ne ya kama bakinsa. Shi watanni ya jinkirta. Ni shekara tara na yi. Na ce sai na gama takaba, na ce sai bayan Sallah, na ce in ya yi aure zai daina da kansa. A gabana ƙuruciyarsa ta ƙare, ni kaɗai na san gaskiya, ina yi masa addu'ar samun abin da na san ba zai samu ba.

Abin da ya rage na Malam a duniya shi ne magidantan nan masu gareji da aji, waɗanda ke kirana duk Sallah su ce da ba don Koci ba da sun lalace. Sai kuma ɗa guda da ke ɗingishi a filin jirgi. 'Ya'yan mutane ya sallame su da wuri, nasa ya bar mini.

Bizata ta kusa ƙarewa. Abokin Nasiru ya faɗa wa yayarsa cewa ƙarshen watan nan za a sake yi masa tayin ƙarin girman nan a wajen aiki, kuma ba a yi wa mutum sau huɗu. 'Yata ta ajiye biro ta ce, "Inna, kin san yana karanta jaridar nan a wayarsa." Na ce saboda haka na ce ki rubuta.

Nasiru, ka ji abin da babanka ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Shekarun da na ci maka ba ni da yadda zan mayar da su. Ka karɓi aikin. In fushi za ka yi, ka yi da ni, ni ce nake raye.