Wasiƙar Bin Bashin da Na Rubuta wa Mai Farar Shadda

Akwai ranar da ba za ta taɓa gogewa daga raina ba, ranar da aka karanta wasiƙata a gaban alƙali, kotu cike da jama'a. Amma labarin ya faro ne daga wani agogo mai ruwan zinare da na hango yana walƙiya ta tagar ofishinmu, a hannun wani mutum da ya fito daga baƙar mota, cikin farar shaddar da ko ƙurar siminti ta ji kunyar taɓawa.

A lokacin ina aiki a wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gidan buga bulo a Gwagwalada. Shekarun nan ne da gini ke tsirowa ko'ina a Abuja. Ni ce mai rubuta rasit da ajiye takardu, kuma a ƙarƙashin littafin ciniki kullum akwai wani littafin, na soyayya, irin waɗanda ake sayarwa a bakin tasha. Na karanta su har na haddace yadda jarumi ke shigowa: mota, turare, murmushi a gefen baki. Da mutumin nan ya ce, "Sannu da aiki, malama," sai na ji kamar an buɗe mini shafin farko.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana gina gidan haya. Ya ɗauki bulo mota biyu, ya biya kuɗin ta farko, ya ce na ta biyu sai ƙarshen wata. Wata huɗu suka ƙare, shiru. Mai ba mu siminti ya ce ba zai ƙara sauke ko buhu ɗaya ba sai an biya shi. Siminti kuwa idan ya tsaya, inji ya tsaya, leburori shida su rasa abinci, ni ma in koma ƙauye. Kawu ya je ƙaramar kotu ya yi tambaya. Aka ce masa irin wannan ƙarar ba sai da lauya ba, amma a fara rubuta wa mutum takardar neman biya, a ba shi wa'adi. Idan ya ƙi, sannan a cika fom, a biya kuɗin shigar da ƙara, a kai masa sammaci.

"Ke da kike da boko, rubuta masa," in ji Kawu. "Sati biyu za ki ba shi. Ki ja masa kunne sosai."

Na zauna da biro, na kasa. A littattafaina ba a taɓa ce wa jarumi ya biya kuɗin bulo ba. Na tabbata wata damuwa ce ta ɓoye take cin sa, kuma kalma mai taushi ce za ta dawo da shi. Na rubuta abin da na rubuta. Kawu da ajami yake karatu, saboda haka ya sa hannu bai tambaya ba, direbanmu ya kai. Sati biyu suka wuce bai biya ba, Kawu ya shigar da ƙara.

Ranar shari'a na saka atamfata ta Sallah. Na riga na tsara yadda zai juyo, idonmu ya haɗu, ya ce ya tuba. Ya shigo da turarensa, ya wuce ni kamar ya wuce benci.

"Allah gafarta Malam," ya ce wa alƙali, "ni mota ɗaya aka kawo mini, kuma na biya. Ba wanda ya taɓa neman kuɗi a wurina. Takarda ɗaya suka aiko, ga ta, ni gaisuwa na ɗauke ta."

Alƙali ya miƙa wa magatakardan kotu, wani siririn saurayi mai tabon tawada a hannun riga, ya ce ya karanta. Ya gyara murya ya fara:

"Zuwa ga mai farar aniya kamar tufafinsa. Tun ranar da ka tafi harabarmu ta yi shiru, har bulo yana kallon hanya. Ba ma son abin da zai sosa maka rai. Duk ranar da zuciyarka ta natsu, ka tuna akwai masu jiran ka."

Ba adadin kuɗi a ciki, ba wa'adi. Wata mai sayar da abinci da ta zo tata ƙarar ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya juyo a hankali ya ce, "Ɗiyata, jan kunnen ke nan?"

Alƙali ya cire tabarau, ya dubi Kawu. "Alhaji, bashi ka zo bi, ko aure ka zo nema wa wani?" Da dariya ta lafa, sai ya ce, "To, mu bar wasiƙa. Ina shaidar cewa mota ta biyu ta isa hannunsa? In babu, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Kwana uku ya yi yana birkita ofis yana neman takardar karɓar kayan, wadda mutumin ya sa wa hannu, bai gan ta ba. Ni na san inda take. Tana cikin jakata, tsakanin shafukan littafin da na fi so. Saboda sa hannunsa na ɓoye ta, wani dogon lanƙwasa mai kama da reshe, har na ɗiga mata turare. Duk kwanakin nan kunya ta hana ni fito da ita. Idan na yi shiru, sauran mutuncina ya tsira, inji ya mutu. Na tuna leburorin nan shida, na miƙe, na buɗe littafin a gaban kowa na zaro ta.

Alƙali ya duba bangon littafin, ya duba ni, ya kai takardar kusa da hanci. "Shekaruna da yawa a kujerar nan," in ji shi, "yau ne shaida ta fara zuwa mini da ƙamshi." Ya nuna wa mutumin. "Malam, hannunka ne?"

Mutumin ya daɗe yana gyara agogonsa kafin ya ce sa hannunsa ne, mantuwa ce ta kama shi. Ya roƙi a raba masa biyan kashi uku, Kawu ya yarda, aka rubuta. A mota Kawu bai yi mini faɗa ba, sai dai kowane kwana muka sha ya ce, "Bulo yana kallon hanya," direba ya ƙyalƙyale. Kashin farko ya shigo kafin sati ya zagayo, siminti ya dawo.

Da na koma karɓar kwafin hukunci, magatakardan nan ya yago 'yar takarda ya rubuta mini tambayoyi huɗu: wa ake bi, nawa, na mene ne, yaushe za a biya. "Malama, wasiƙar bashi ke nan," in ji shi. "Amma taki ta fi daɗin karatu." Tsohon babur gare shi, ba ya cikin kowane littafi da na karanta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, haƙƙi ana faɗinsa a sarari, kalma mai taushi kuma a adana ta ga wanda ya cancanta. Mai farar shadda ban sake ganinsa ba. Magatakardan kuwa ya yi furfura, yana zaune a falona, shi ne baban yarana huɗu. Bai manta ko kalma ɗaya ba. Har yau idan na ce ya ba da kuɗin cefane, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Duk ranar da zuciyata ta natsu." Ni kuma in gaya masa nawa, na mene ne, da ƙarfe nawa nake so.