Ɗamarar Dalma a Kan Salansa

Bu Mansik matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. A tsibirinmu na Jeju aka haife shi, inda duk hanyar da ka bi teku za ta kai ka, amma har ya tsufa yana tsoron ruwa. Wasu sun ce don ubansa ya fita kamun kifi bai dawo ba ne. Ni na san shi tun kafin nan, kuma tun lokacin ba ya matsawa kusa da gaɓa.

Injin jirgi yake gyarawa. Muddin jirgi yana ɗaure a tasha, zai shige cikinsa ya wuni. Da zarar an taɓa igiya za a kwance, sai ya kwashi spanoninsa ya yi tsalle waje. Mu mata masu nutso mukan yi masa tsiya, mu ce ko a bahon wanka sai matarsa ta riƙe masa hannu. Sai ya ce ƙwarai kuwa, kuma ba ta saki sai ya fito.

Jirgin Hyon Dalsu ne yake kai mu inda muke nutso mu tsinto dodon-koɗi da ciyawar teku. Tsohon jirgin katako ne, inji a ƙasa, ɗan ɗaki a sama. Bututun salansa yana fitowa daga injin, ya bi ta jikin bangon ɗakin a kwance, sannan ya miƙe sama. Da sanyi mukan toshe ɗakin da leda ta ko'ina, mu cusa kanmu ciki. Iyayenmu wuta suke hurawa a bakin teku su ji ɗumi, mu kuma wannan bututun ne wutarmu. A kansa muke ɗumama dankali, a kansa muke rataye ɗamarar dalmar da muke ɗaurawa a ƙugu don mu nutse, saboda dalma mai sanyi a tsakiyar hunturu ba abin wasa ba ce.

Gishiri ya ci tsohon bututun har ya fara zubar da tsatsa. Mansik ya yanke shi, ya kawo sabo daga birni, wanda bai kai na da kauri ba. Ya haɗa gaɓoɓin da noti, ya naɗe shi da farin ƙyalle mai tare zafi, ya ɗaure da waya. Ya kunna injin a tasha, ya bi kowace mahaɗa da tafin hannu, ya ce babu inda yake yoyo. Gaskiya ya faɗa. Washegari, muna fita daga tasha, mata suka warware ƙyallen, saboda yana hana ɗumi fitowa. Aka jera ɗamara a kai kamar kullum.

A kwanakin nan kowa sai ciwon kai. Babu wadda ta damu. Mai nutso da ciwon kai tare suke tsufa, kuma kowaccenmu tana da ƙullin garin magani a aljihu. Mai shan ɗaya ta koma shan biyu. Warin gas kuwa, jirgin nan bai taɓa rabuwa da shi ba.

Mansik ya ji zancen ne a tasha, lokacin da Okhwa, babbarmu, take amai a bayan kwanduna. Ya tambaye ta ko a ruwa kan yake fara ciwo ko a ɗaki. Ta ce ya tafi ya tambayi uwarsa. Ya je wurin Dalsu ya roƙe shi kada a fita sai ya sake dubawa. Dalsu ya ce ruwa ya kwanta, rana irin wannan ba ta samuwa kullum, kuma in da za a bi ta Mansik da kowa a tsibirin nan lemo yake nomawa. Mutumin da yake tsoron komai, ranar da ya ga abin tsoro na gaske babu mai saurarensa.

Aka kwance igiya Mansik yana cikin jirgin, bai sauka ba. Ya zauna a bayan ɗakin, ya rungume wani ginshiƙi, ya rufe ido.

"Samcun, ka ɓata hanya ne?" in ji wata, don haka muke kiran manya a tsibirin, kamar a ce kawu. "Ko matarka ce ta kore ka?"

Ya ƙara ƙanƙame ginshiƙin. Leɓensa ya yi fari.

Ni ina waje ina ɗinke ragata da ta yage. Bayan mun yi nisa sai na lura ɗakin ya yi tsit. Matan nan ba sa shiru ko a gidan makoki. Mansik ma ya ji shirun. Ya buɗe ido ya ce mini, "Maman Miyong, leƙa su." Na ɗaga ledar. Suna zaune yadda na bar su, kai a kafaɗar juna, kumatu jajir kamar waɗanda suka sha giya. Na kira Okhwa, ba ta motsa ba. Dankali yana hannunta.

Da rarrafe Mansik ya iso, don ya kasa tsayawa. Ya yayyage ledar, yana yi wa Dalsu ihu ya kashe inji. Muka riƙa jawo su waje ta ƙafa. Wasu suka farfaɗo da tari da amai. Okhwa dai numfashi kawai take yi, sama-sama.

Nauyin dalmar ya ja bututun ƙasa har mahaɗar ta buɗe baki, hayaƙin inji ya riƙa cika ɗakin da muka toshe. Katakon da ke bayanta ya yi baƙi, yana fitar da ɗan hayaƙi. In an sake kunna injin a haka, jirgin zai kama da wuta. In ba a kunna ba, ruwa yana tura mu wajen baƙaƙen duwatsun da ke kudu, angar da aka jefa don ta tsayar da jirgin kuma ta ƙi kama ƙasa. Ina jin ta tana jan yashi. Na yi shekaru ina nutso a gindin duwatsun nan, na san yadda haƙoransu suke. Mu masu lafiya za mu iya iyo. Waɗanda ke kwance ba za su iya ba, Mansik ma haka.

Ya shiga ɗakin yana kuka a fili, majina har haɓa. Ya watsar da ɗamarun, ya sa kafaɗa ya ɗaga bututun da zafinsa, ya ce in riƙe masa spana. Duk lokacin da ruwa ya ɗaga mu, sai ya ƙanƙame ƙarfen ya kira sunan matarsa. Noti ya suɓuce masa, ya lalubo shi a cikin ruwan da ke ƙasa. Na ji ƙaurin rigarsa, sannan na ji na fata. Ya ɗaure mahaɗar, ya rataye bututun da waya a jikin rufi. Lokacin da injin ya tashi, ina iya ganin kaguwa tana gudu a kan dutsen.

Okhwa ta farka a asibiti. Ta rayu shekaru bayan haka, amma ba ta sake nutso ba, kuma takan manta sunan jikokinta. Mansik ya samu tabo daga kafaɗa zuwa wuya. Bai zama jarumi ba. Da muka iso tasha sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga ginshiƙin, kuma bai sake taka jirgin da aka kwance ba har ya mutu.

Da kafaɗar ta warke, ya sake aikin gaba ɗaya, ya kewaye bututun da ragar ƙarfe yadda ba abin da zai rataya. Mata suka yi ta gunaguni cewa ya raba su da ɗumi. Ya zo ɗakin da muke canja kaya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Ku zage ni, na saba," ya ce. "Amma ku bar ƙofar ɗakin jirgin a buɗe, ko da faɗin tafin hannu ne. Kuma duk wadda kanta ya yi ciwo a cikin jirgi, ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, kafin ta buɗe ƙullin magani."