Makanikin da Ba Ya Zuwa Cirani

A Adar, namijin da bai taɓa zuwa cirani ba ana yi masa kallon wanda bai gama girma ba. Da an ɗaure gero sai motoci su kwashe maza zuwa Abijan, a bar gari da mata da tsofaffi da irina. Shan inna ya shanye mini ƙafar hagu tun ina rarrafe. Haka na zama magidanci ba gida, ina gyaran tocila a bakin kasuwar Tawa, ina cin tuwon gidan yayana. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wani porje, wato shirin taimako na ƙasashen waje, ya buɗe ajin koya wa manya gyaran injin ban ruwa, domin masu garaken albasa sun fara sayen injuna amma makaniki babu. Samari majiya ƙarfi porjen yake nema, sai dai masu tsarin sun sa karatun da rani, lokacin da samarin duk sun watse. Waɗanda suka je mu ne: ni, da wani kurma, da wasu mata da mazansu suka daɗe ba aike. Malaminmu, wani Badamagare mai faɗa, ya dube mu ya ja tsaki, sannan ya sauke injin daga tebur ya ajiye ƙasa don hannuna ya kai.

Mun fara gane kan kayan cikin injin, su buji da kabireta, ke nan sai aka ce kuɗi sun yanke. Masu ba da su sun leƙo, sun ga ba mu suke so ba. Gwamnati kuwa ko ma'aikatanta ba ta biya ba. Malam ya ce shi ma yana da iyali, ƙarshen wata zai koma Damagaram.

Ni dai na rantse ba zan koma gyaran tocila ba. Na sa aka ɗora ni bayan motar kasuwa zuwa wajen Kalfu, inda masu garake ke zama bayan sallar Juma'a. Na roƙe su kowa ya yi alkawarin buhun albasa idan an cire, a riƙe malam da shi, mu kuma injin da ya mutu mu tashe shi.

Wani dattijo mai babbar garka ya ce, "Mun saba jin wagga magana. Ɗiyanmu munka tura koyon aikin ga, da hannunsu ya hwaɗa sunka wuce Abijan. Kai mi za ya hana ka tahiya?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na naɗe wandona a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, duba da kyau. Da wagga ƙahwa za ni Abijan? Matan ajinmu kuma ɗiyansu na nan. Mu ɗai ne ba mu zuwa ko'ina, kuma da rani injinku ka mutuwa."

Sai wani ya fashe da dariya, dattijon ya ce in rufe ƙafar haka nan. Ba duka suka yarda ba, kuma cikin buhunan da aka kawo har da masu ruɓaɓɓu a gindi. Malam ya karɓa yana masifa, wai da tsufansa mun mai da shi dillalin albasa, amma bai tafi ba.

Ranin da ya biyo, ina zaune ƙofar gida da hantsi sai amalanken jaki ya tsaya. Dattijon nan ne da kansa. Injinsa ya ƙi tashi, albasa ta fara yaushi. Ya sauko, ya ɗauki akwatin kayan aikina, ya miƙo mini hannu. An sha ɗaukata don tausayi, amma ba a taɓa zuwa ɗaukata don ana bukatata ba sai ran nan. Na hau, na ce masa ya kora jakin kafin rana ta yi zafi.