Yadda Aro Ya Ci Kujerar Yaya Rakiya

Shekara ashirin da biyar ke nan cif da aka fita da Yaya Rakiya daga gidanmu na Ƙonni, kuma har yau idan na tuna ta addu'a ce ke fara zuwa, sai haushi ya biyo baya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma wallahi matar nan ta ƙona mini rai tana raye, kuma ba ta fasa ba bayan ta tafi. Ni ce Dije, ƙanwarta da ke bi mata, kuma na gaji da jin dangi suna lumshe ido suna cewa "Allah sarki Rakiya, mai hannu sake," alhali su ne suka tashe ta daga kujerar da ta fi so a duniya.

Bari in faɗa muku wace kujera ce. Tun farkon shekarun tamanin Yaya take sakatariya a wani buro na gwamnati a Ƙonni. Teburinta ne na farko da an shigo ƙofa, ga mashin ɗin buga takardu, ga tarho. Ɗan kasuwa ne ya zo, mai gari ne, jandarma ne, da ita zai fara gaisawa kafin ya ga shef, wato shugaban buron. Ta san kowa, ta san uban kowa. Idan ta dawo gida da yamma, labarin mutanen da suka wuce ta gabanta shi ne mahaɗin tuwonmu. Ba ta haihu ba, mijinta kuma direba ne da ba ya zama, don haka wannan ƙofar ita ce duniyarta.

Tufafinta na aiki ba su da yawa, kuma ba su taɓa canza ɗinki ba. Riga da zane na atamfa mai duhu, wuya a rufe, hannu zuwa gwiwar hannu, shi ke nan. Irin kayan da in wata ta sa sai ka ce kakar wani ce za ta gaisuwar mutuwa. Amma a jikin Yaya ba haka suke ba, kuma na daɗe ban gane dalili ba sai da ta zaunar da ni, lokacin da aka ba ni aikin koyarwa a lakwal ɗin Malbaza. Ta ce atamfa ba ta tsufar da mace, abin da aka ɗora mata ne ke tsufar da ita. Kallabi a ɗaura shi ƙarami, ya bar kunne don tarho. 'Yan kunne masu manne wa kunne, ba masu lilo ba. Warwaro kuwa ko kusa, don ba ta son mashin na ƙara hannu na ƙara. Jaka mai tsayuwa da kanta in an ajiye ta kan tebur, ba wadda za ta zube kamar buhun da aka juye ba. Takalmi rufaffe mai ɗan tudu. Agogo siriri. Sannan abu ɗaya tak, ba biyu ba, ya zama na yayin bana. Wata shekara gyale ne mara nauyi da take ninkewa a kafaɗa ɗaya, wata shekara sabon tabarau ne mai siririn baki. Sai ta tsallaka iyaka zuwa kasuwar Illela ta yini tana zagaya rumfuna, ta dawo da abu guda a hannu, ni kuwa ƙafafuna sun kumbura don rakiya.

Yanzu idan na shiga buro neman wata takarda na kan tsaya in kalli 'ya'yanmu, in ce ina ma Yaya ta gani. Wata ta zuba sarƙa uku, zobe a kowane yatsa, gashin ido kamar tsintsiya, waya tana walƙiya, jaka tana walƙiya, ba ka san inda za ka ajiye idonka ba. Wata kuma ta sa leshi mai tsada ta zo tana jan silifan wanka. Na san abin da Yaya za ta yi. Ba za ta yi faɗa ba, ita ba ta iya faɗa ba. Za ta ja yarinyar gefe ta ce ta cire abu biyu, sannan, Allah na tuba, ta kwance agogon hannunta ta ɗaura mata.

To ga inda ciwon yake. Mu asalinmu mutanen Bazaga ne, kuma a wurinmu kayan ado ba na mutum ɗaya ba ne. In ana suna ko biki, duk abin da 'yar uwa ta mallaka na dangi ne, wadda ta hana kuwa an sa mata marowaciya har jikokinta. Ba laifi ba ne a tsakanin matan da kayan adonsu ke kwance a akwati sai ranar taro. Amma kayan Yaya ba na taro ba ne, kayan aiki ne, kamar yadda fartanya take ga manomi. Wannan ne na kasa fahimtar da dangi, na kuma kasa fahimtar da ita. Duk ranar kasuwa sai an yi mana sallama, sai an fita da wani abu. Kuma abin aro a wurinmu ba ya dawowa ranar da aka ce, sai ya gama zagayensa. Na yi magana, na yi fushi, na taɓa sayo mata kwaɗo na sa wa akwatinta. Ta ba su mabuɗin.

A shekarun casa'in abubuwa suka tsananta. Albashi ya koma sai an ga dama, abin da ya ɓata kuma ba a iya maye shi da sauri. A daidai wannan lokaci aka kawo musu sabon shef daga Yamai, mutum mai son tsari, wanda ya faɗa tun zuwansa cewa teburin ƙofa shi ne fuskar buro. Ba da jimawa ba aka turo wata yarinya, Mariama, sabuwar fita daga makarantar koyon aikin sakatariya. Ba ni da abin cewa a kanta, yarinya ce mai ladabi. Amma tebur ɗaya ne, su kuma biyu, kuma kowa ya san ɗaya za ta koma ɗakin baya inda ake tara tsofaffin takardu. Shef bai yanke ba tukuna. Ya ce manyan baƙi za su zo daga Tawa ranar Litinin, kowa ya shirya.

Ranar Jumma'a na sami wata motar siminti daga Malbaza ta sauke ni Ƙonni. Ina shiga gida na ga amalanken jaki a ƙofa. Gwaggo Ai ce, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Bazaga. Ɗiyarta ta haihu, suna ranar Lahadi. Na tarar da akwatin Yaya a buɗe a tsakar ɗaki, Gwaggo ta baje ƙafa tana zaɓe kamar a kasuwa. Jaka ta tafi, takalmi ya tafi, agogo, gyale, 'yan kunne. Sai na ga ta miƙa hannu ta zare tabarau daga fuskar Yaya.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa na likita ne, da shi take gani!"

Ta ce, "To mi? Mai jego na so a gan ta kamar ma'aikaciya. Yini guda na, ba cinye shi za ta yi ba. Ke Dije tun kina ƙarama hannunki a dunƙule yake."

Na juya wajen Yaya, na ce ta tuna Litinin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mi kike so in ce mata? Ita ta goye ni." Kai, ranar da ina da hawan jini da a nan zan faɗi.

Gwaggo ta rantse kayan za su kwana Ƙonni ranar Lahadi. Ni da na san rantsuwar masu aro, da la'asar ɗin Lahadi na hau kabu-kabu na nufi Bazaga. Na tarar taro ya watse. Jaka na nan, an cika ta da goro da soyayyen nama, mai ya huda fatar ya fito waje. Takalmi kuwa wata ƙawar mai jego ta ara daga hannun mai jego, ta wuce da shi Illela wani bikin. Ku ji fa, aron aro! Agogo ba wanda ya san hannun da yake. Gyale an goya jaririya da shi. Tabarau kaɗai na samu, shi ma ƙafarsa ɗaya ta karye an ɗaure da baƙin zare, kuma mai jego na ta ƙorafi wai tun safe yake sa ta jiri. Na tsaya a tsakar gidan na zazzage musu abin da ke cikina, ban rage ba. Gwaggo ta ce da ma an gaya mata lakwal na ɓata ɗiya.

Da safiyar Litinin muka harhaɗa abin da ya samu. Takalmina ya yi mata kaɗan, sai ta sa wani tsohon takalmi fes da take zuwa kasuwa da shi. Jakata ta malamar lakwal ce, ƙatuwa, duk garin alli. Gyalen da ya rage mai kauri ne, na zuwa ta'aziyya. Atamfar ita ce dai ta kullum, an goge ta tsaf. Amma da ta tsaya a ƙofar ɗaki na dube ta, sai na ga abin da ta koya mini da bakinta. Ba Yaya Rakiya sakatariya na gani ba, wata dattijuwa na gani da zare a gefen ido.

Abin da ya faru a buro ita ta ba ni labari da kanta, tana dariya, dariyar da har yau ban yafe ba. Baƙi suka iso, ta miƙe ta fito daga bayan tebur don ta tarbe su kamar yadda ta saba. Babbansu ya amsa gaisuwarta da ladabi, ya ce, "Inna, ki ɗan jira a benci, in mun gama za a saurare ki." Sannan ya waiga ya tambayi Mariama ko ita ce sakatariya. Shef na tsaye yana ji. Kafin sati ya ƙare aka ɗauki mashin ɗin Yaya aka kai ɗakin baya.

Na san za a ce shef bai kyauta ba, kuma bai kyauta ɗin ba. Mace ta yi shekaru tana riƙe da ƙofa, a auna ta da takalmi? Amma Yaya ta fi kowa sanin haka ake aunawa, ita ta gaya mini. Abin da ke ci mini rai ke nan. Ta san komai game da yadda mace za ta fita aiki da mutuncinta, ta san abin da za a ƙara da abin da za a rage, kalma ɗaya ce kawai ba ta iya ba, a'a. Ni kuwa na iya ta, shi ya sa har gobe a Bazaga sunana Dije mai kwaɗo, kuma ban damu ba.

Ɗakin bayan nan taga ɗaya gare shi, yana kallon katanga. Ba tarho, ba mai shigowa sai wanda aka aiko neman tsohuwar takarda. Yaya ta daina kawo labari gida, don babu. Duk da haka ba ta saki jiki ba. A hankali ta sake tsallaka iyaka ta sayi wata jaka, ta gyara tabarau, daga baya ta yi sabon agogo. Kullum sai ta shirya tsaf ta tafi ta zauna da ƙura da takardu. Na ɗauka ta yi hankali. Har na fara sa rai wata rana shef zai duba ya mayar da ita.

Sai wata Jumma'a na dawo daga Malbaza na sake ganin amalanke a ƙofar gida. Wannan karon ƙaramar ɗiyar Gwaggo ce, za ta bikin ƙawarta. Na shiga na tarar Yaya da kanta tana ɗaura mata sabon agogon, tana nuna mata yadda za ta rataya jakar, tana ce mata ta cire sarƙa ɗaya don sun yi yawa. Na jira yarinyar ta fita. Sannan na ce, "Yaya, ashe har yanzu ba ki ji ba? Ba su ne suka raba ki da kujerarki ba?"

Ta gyara zama, ta dube ni, ba dariya wannan karon. Ta ce, "Dije, ni yanzu wa ke ganina? Su aƙalla in sun sa, za a gan su."

A ɗakin bayan nan na buro ta ci gaba da aiki har ciwon ajali ya kwantar da ita, ba ta sake zama a bakin ƙofa ba.

Bana da na je Bazaga gaisuwa, na shiga ɗakunan dangi ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane bango akwai tsohon hoton suna ko na biki da ya fara dusashewa. Matan ciki duk sun yi kyau, kyau mai natsuwa, ba tarkace, kallabi ƙarami, abu ɗaya ne ke ɗaukar ido. Na gane hannunta a jikin kowace, na kuma gane kayanta. Suna nuna mini suna cewa Allah ya jiƙan Rakiya, ni ma ina cewa amin. Na bi hotunan nan duka da ido. Ita ba ta cikin ko ɗaya.